Bokitin Da Ke Yoyo

Tana tsugune a baranda, zaninta ya jiƙe har gwiwa, tana cusa tsumma a ƙarƙashin bokitin, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen barandar daga ƙasa da sanda.

"Tela! Ke Telar sama! Yau ma ruwa ake yi a gidana, alhali ko gajimare babu!"

Tsohuwar da ke zaune a hawan ƙasa ce. Tela ta leƙa ta gan ta riƙe da jiƙaƙƙen mayafi.

"Ki yi haƙuri, Inna. Yanzu nake dubawa."

"Ni haƙuri ai gadona ne, 'yata. Mai benen ne ba shi da shi. Ya ga yadda bangona ya kumbura, ya ce in ya dawo gobe ya tarar yana ɗiga, da hannunsa zai sauke miki bokitan nan."

Tela ta koma ta dubi bokitan. Shida ne a jere jikin bango, kowanne cike da tsakuwa, babu ƙasa ko cokali ɗaya. Tumatir a huɗu, tattasai a biyu, sun bi igiya sun kusa taɓa rufi. A ƙarshen baranda akwai shuɗin durom mai ruwan taki, da ƙaramin inji a ciki da ke tura ruwan ta siraran tiyo zuwa kowane bokiti. Ruwan ya ratsa tsakuwa, ya fito ta wata kafa a gefen ƙasa, ya bi farin bututu ya koma durom. Mijinta ne ya haɗa abin da hannunsa kafin ya tafi aikin walda a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa. Tun lokacin take tsokanarsa da Injiniya. Ya ce mata kafin shukar farko ta gama 'ya'ya zai dawo. Wannan ita ce shuka ta nawa, ta daina ƙirgawa.

'Yarsu ɗaya tilo tana makarantar kwana. Gidan ya rage daga ita sai keken ɗinki sai ƙarar injin nan, wadda ta saba da ita har ba ta jinta sai in wuta ta ɗauke.

Ta goge hannu ta ɗauko waya. Ta ɗan jima tana kallon sunan mijinta. Kiransu na kwanakin nan bai wuce gaisuwa ba. Lafiya? Lafiya lau. Ya aiki? Da godiya. Yarinya fa? Tana nan ƙalau. Daga nan sai shiru, sai ɗaya ya ce to, ɗayan ma ya ce to.

Ta kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka da hular ƙarfe a kansa, ana ta buge-buge a bayansa.

"Lafiya dai, da safiyar nan?"

"Gonarka ce ke yoyo, Injiniya."

"Wanne? Juyo da wayar in gani."

Ta juya. Ta ji ya matsa wani wuri mai ƙarancin hayaniya, muryarsa ta fito sarai, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Kashe injin tukuna. Yauwa. Matsa kusa. A'a, ƙasa, inda bututun ya shiga bokitin. Kin ga baƙar robar nan da ta zagaye shi? Taɓa ta."

"Ta yi tauri. Ga tsaga ma a jikinta."

"Rana ce ta cinye ta. Amma ruwa ba ya tsami banza, Tela. Tona tsakuwar sama da yatsa. Akwai ruwa a kwance?"

Ta tona. Ruwa ya taso har wuyan hannunta.

"Na faɗa! Saiwa ce ta toshe hanya, ruwan ya rasa mafita ya nemi inda ya fi rauni. Ki je shagon kayan famfo, ki ce su ba ki roba irin wannan, da gam na ruwa, fari, wanda ake matsawa kamar man goge haƙora. Ki sayo robar da yawa, sauran ma lokacinsu na zuwa. Kada ki daɗe, in rana ta juyo barandar nan ba inji, za su yi yaushi."

Ta ajiye rigunan makarantar da ta yi alkawarin gamawa ranar, ta sauka ta hau bas. A kujerar gabanta wani mutum da matarsa suna ta musu a kan wanda ya bar tagar ɗaki a buɗe. Ya ce ita ce, ta ce shi ne, ya ce shi bai ma san tagar na buɗuwa ba. Matar ta yi tsaki, sannan ta miƙa hannu ta cire masa zare daga kafaɗa ba tare da ta daina faɗan ba. Tela ta kawar da kai ta kalli titi.

Mai shagon kayan famfo ya duba hoton da ta nuna masa a waya, ya ɗaga gira.

"Hajiya, wannan tumatir ne a bokiti? Ina ƙasar?"

"Babu ƙasa. Ruwa kawai yake sha."

"Ikon Allah. Saura ƙiris a fara kiwon kaji a kwalba." Ya jawo wani kwali ya zube robobi a kan teburin shagon, yana gwada girmansu da na hoton. "Amma fa aikin nan na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tura. Maigidan na nan?"

"Yana hanya," in ji ta.

Bakinta ne ya faɗa, don ya saba. Haka take gaya wa masu kawo ɗinki, haka take gaya wa ƙanwar mahaifiyarta duk lokacin da ta kira.

Ko da ta dawo, rana ta riga ta shigo barandar. Ganyen tumatirin ya sunkuyar da kai kamar yaran da aka yi wa faɗa. Ta ɗebo ruwan durom da kofi ta bi bokitan tana zuba musu, sannan ta jingina wayar a jikin tukunya, ta sake kiransa. Lokacin hutunsu ne, yana zaune a kan wani tulin ƙarfe da robar abinci a cinya.

Ya ce ta fara kwance igiyar daga sama a hankali. Ta kwashe tsakuwar da hannu tana zubawa a baho, har ta kai ga saiwar. Da ta ɗago shukar, sai ga saiwa fara tas, mai yawa kamar gashin tsohuwa, ta nannaɗe gwiwar bututun ta cusa kai ciki.

"Kin gani? Yanke duk wadda ta shiga bututun."

"Ba zai mutu ba?"

"Zai yi fushi kwana biyu, ya huce. Naɗe sauran da jiƙaƙƙen tsumma."

Ta nemi wuƙa ba ta ga mai kaifi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko almakashin ɗinkinta, wanda ko 'yarta ba ta taɓa bari ta yanka takarda da shi ba. Ya gani ya yi dariya.

"Lallai yau tumatir ya samu matsayi. Ni da na taɓa yanke farce da shi, kwana nawa kika yi ba ki min magana ba?"

"Kai ai mai laifi ne. Shi ko bai san komai ba."

Ita ma ta yi dariya, har ta ji abin ya yi mata baƙo a maƙogwaro.

Ta zare tsohuwar robar, ta wanke kafar ta goge ta bushe. Gefen kafar na da kaushi, ya ce ta kankare shi. Sabuwar robar ta shiga da ƙyar, amma bututun ya ƙi wucewa ta cikinta. In ta tura, bokitin ya gudu. Ta zauna dirshan a ƙasa, ta matse bokitin da gwiwoyinta biyu, ta shafa wa bututun sabulu yadda ya ce, tana murɗawa tana turawa, zufa na shiga mata ido.

A nan ne ya ce, "Tela, dama akwai maganar da nake son mu yi."

"Ina jinka."

"An sabunta mana kwantiragi. Shekara biyu."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ci gaba da murɗawa.

"Me ka ce musu?"

"Na sa hannu. Tun watan jiya." Ya dubi robar abincinsa. "Kin ga yarinya za ta shiga babbar makaranta. In na dawo yanzu, wane aiki zan tarar? Na so in gaya miki, kullum sai in rasa ta inda zan fara."

Bututun ya faɗa ciki da ɗan ƙara, gefen bokitin ya gurje mata yatsa. Ta sa yatsan a baki.

"Ya shiga," ta ce.

"Tela."

"Gam ɗin, ta ciki zan shafa ko ta waje?"

Ya ajiye robar abincin. "Duka biyun. Kada ki cika shi. Ki bar shi ya bushe sosai kafin ki kunna inji."

Wata ƙararrawa ta kaɗa a bayansa. Ya miƙe yana saka hular, ya ce zai kira in an tashi. Wayar ta yi duhu, ta ga fuskarta a ciki, da datti a goshi.

Ta shafa gam ɗin da ɗan yatsa, ta lallaɓa shi ya zagaye robar kamar tana gyara bakin riga. Ta zauna jiran ya bushe. Ta kunna keke ta yi layi ɗaya, ta ga ya karkace, ta farke. Ta fito ta sake shayar da bokitan da kofi. Ta jiƙa tsumman saiwar. Ta ɗauki waya za ta kira ƙanwar mahaifiyarta, ta tuna tambayar farko da za a yi mata, ta ajiye.

Da rana ta yi sanyi ta mayar da shukar, ta cika tsakuwa, ta ɗaure igiya, ta kunna inji. Ta shimfiɗa busasshen ƙyalle a ƙarƙashin bokitin ta tsuguna tana kallo. Ruwa ya bi tiyo, ya nutse cikin tsakuwa, can ta ji shi yana gangarawa cikin farin bututun zuwa durom. Ƙyallen bai jiƙe ba. Ta shafa robar da bayan hannu. Ƙamas.

Ya kira kamar yadda ya ce. Yana cikin motar ma'aikata, fuskarsa duk gajiya.

"Ya daina?"

"Ya daina."

"Madalla. Sannu da ƙoƙari."

"Yauwa."

Tana jin ƙugin motarsu, shi ma wataƙila yana jin injin barandarta. Ya gyara zama. Ta ga leɓensa ya fara haɗuwa zai ce to.

"Amma na ƙarshen nan," ta ce da sauri, "na kusa da durom. Kamar shi ma yana ɗan jiƙa."

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar. "Haba? Ta ina? Juyo in gani."

Bokitin a bushe yake. Ta tsoma hannu cikin kofin da ke gefenta, ta yarfa ruwan a gindinsa, sannan ta juya wayar.