Jan Biron Malam Sadiƙ

"Shafi tara ne," in ji Dokta Idris, shugaban kwalejin, yana turo takardun gaban Sabiru. "Ka karanta su duka, kuma a hankali. Ba wanda ke korarmu."

Sabiru ya ɗaga ya duba. Tarihin mai lacca ne, wanda ake karanta wa jama'a kafin a miƙa wa baƙo lasifika. Shi da hannunsa ya rubuta shi a shafi ɗaya makon jiya, ga shi yau ya dawo masa a kumbure kamar mushen jaki. An cusa sunayen kakanni, da na kowace makaranta da baƙon ya taɓa takawa, har da kwamitin gyaran masallacin unguwarsu.

"Ranka shi daɗe, in na karanta wanga duka, yaushe Malam zai yi magana?"

"Wa ya hana shi magana?" Dokta ya yi murmushi. "Mu nan ba mu hana kowa. Dattijo ne, malaminka ne, ni ma ya koyar da ni. Ba a ce wa irinsa kada ya zo." Ya jawo wani fayil ya shafa bayansa. "Af, takardar ofishin jakadanci ta iso. Mutum uku za su ɗauka bana, sunanka na ciki. Litinin zan sa hannu, in Allah ya so."

Ba sai an fassara wa Sabiru ba. Ƙasar da ofishin jakadancinta ke ba da guraben karatun nan ita ce ke gina wa kwalejin sabon ɗakin karatu, kuma ita ce Malam Abubakar Sadiƙ zai yi lacca a kanta da ƙarfe biyu da rabi. Malam ya koyar a can shekara bakwai. Ya ga yadda gwamnatinsu ke kwashe malamai daga aji, ya ga abokinsa da aka kira amsa tambaya bai sake dawowa ba. A wannan zamani na soja, sukar gwamnatin gida ko a mafarki ba a yinta. Sabiru, sakataren kwamitin lacca, ya ɗauka ta waje dai ba laifi. Ashe ita ma da mai ita.

Ya tuƙa tsohuwar fijonsa zuwa Tsafe don ɗauko mai laccar. Ya tarar da Malam a zaure, ya sha farar riga, takardar lacca a cinya, jan biro a hannu. Biron nan ya fi bulala ban tsoro lokacin da Sabiru ke aji uku a sakandare. Malam ba ya duka, ba ya tsawa. Sai dai ya ja layi a kan abin da ka rubuta, ya sa "gyara" a gefe, ya miƙo maka ba tare da ya dube ka ba.

"Har yanzu gyara ake, Malam?"

"Na rubuta mutum arba'in anka kama a jami'ar da na zauna. Da na sake ƙirgawa, talatin da takwas ne. Ba na ƙara ma azzalumi ko mutum guda, nasa ya ishe shi."

Tun daga Tsafe har Gusau Sabiru ke neman bakin faɗa masa abin da aka shirya, bai samu ba. Sai zancen damina suka yi, da yadda gero ya yi kyau bana.

A ƙofar zauren taro ɗalibai sun rabu biyu. Wasu na cewa ƙasar nan 'yan'uwanmu ne, zaginsu butulci ne, wasu na cewa a bar mutum ya faɗi abin da ya gani da idonsa. An yage rabin sanarwar da ke bango. Amma da Malam ya fito daga mota, duka ɓangarorin suka rusuna suka gaishe shi, aka buɗe masa hanya. A layin baya akwai mutum biyu da ba ɗalibai ba, ba malamai ba, kowanne da ɗan littafi a hannu.

Tun rikicin ɗalibai na bara aka kafa doka: ba taro a harabar kwaleji bayan kiran La'asar. Kowa ya san da ita, Dokta Idris ya fi kowa sani.

Aka buɗe da addu'a, mai addu'ar bai bar kowa ba, har matafiya na ruwa da na tudu. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da tafinsa. Sannan aka kira shugaban taro, Alhaji Bawa, ɗan kwangila daga Bungudu, wanda shi ke ginin ɗakin karatun. Duk Bungudu an san in Alhaji Bawa ya ce "a taƙaice", to mai awaki ya je ya ba su ruwa ya dawo. Ya fara da gaisuwa, ya bi ta tarihin mahaifinsa, ya sauka kan tsadar siminti. Sau uku yana cewa ba zai tsawaita ba.

Abin da ya fi tayar wa Sabiru da zuciya shi ne ladabin da ke ciki. Da a ce 'yan sanda aka turo suka rufe zauren, da mutum ya san da wa yake faɗa. Amma ga Dokta na tsiyaya wa Malam lemo da hannunsa, ga Alhaji Bawa na kiransa fitilar Zamfara. Da girmamawa ake shaƙe tsohon, kowa na murmushi.

Uku da minti ashirin da biyar aka kira Sabiru.

Ya tsaya gaban lasifika da shafi tara a hannu. Lissafin ba wuya. In ya karanta na farko ya zauna, Malam zai sami rabin sa'a. Ya karanta na farko. Ya ɗaga kai, ya ga Malam ya gyara tabarau ya dafa tebur zai miƙe. Ya ga Dokta na wasa da murfin alƙalaminsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Sabiru na koyarwa da digiri ɗaya, waɗanda ya koyar sun je sun dawo sun zama shugabanninsa. Matarsa Saude har ta fara tambayar ko ƙasar akwai sanyi.

Ya juya shafi na biyu.

Ya karanta kakanni. Ya karanta kwamitin masallaci. Muryarsa na fita sumul, har da ɗan tsayawa inda ya dace a tafa, kuma aka tafa. Ƙyamar kansa ta cika shi har wuya, amma bakin bai tsaya ba. A shafi na takwas ya ci karo da jimlar da shi ya rubuta tun asali, an matsar da ita can: Malam ya yaye ɗalibai waɗanda ba sa tsoron faɗin gaskiya a gaban kowa. Ita ta fi samun tafi.

Malam ya miƙe huɗu saura minti uku. Ya yi sallama, ya gode, ya ce, "A shekarar da na sauka ƙasar…" Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin kwaleji. Malam ya yi shiru har aka gama kira, kamar yadda ya saba. Dokta ya karɓi lasifika cike da alhini, ya ce lokaci ya yi mana halinsa, amma za a sake gayyatar Malam ba da daɗewa ba. Mutanen layin baya suka mayar da littattafansu aljihu, ba su rubuta komai ba.

A hanyar komawa Sabiru ya yi ta fatan Malam ya zage shi, ko ya ce a sauke shi ya hau motar haya. Sai da suka tsaya ƙofar gida a Tsafe sannan tsohon ya miƙo hannu.

"Kawo tarihin nan in gani."

Ya bi shafukan a natse, yana lasar yatsa. A na takwas ya tsaya, ya zaro jan biro daga aljihu, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan jimlar ɗaliban da ba sa tsoro. Ya rubuta "gyara" a gefe.

"Sauran duk daidai ne," ya ce, ya miƙo takardun yana duban gabansa. "Na ji za ka tahi can karatu. Na so in ja maka kunne kan zama da su, amma na ga ba ka buƙata. Za ku zauna lahiya. Ka gaida Saude."

Ya fita ya rufe ƙofar motar a hankali, ya shige zaure da laccarsa a hammata. Sabiru ya daɗe zaune da shafi na takwas a kan sitiyari, injin na aiki, kafin ya juya kan motar zuwa Gusau.