Adadin da Bakwai Ta Shiga

Kun ga takardar nan, kada ku ce ba ku gani ba. Wata uku tana liƙe a ƙofar buro, ofishin hukuma, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, kuna wucewa kuna gaida mai gadi. A jikinta an rubuta yawan mutanen ƙasarmu, gabas da Gazawa: 24,857. Bisa wannan adadi za a aiko da maganin rigakafin agana.

Malam Gado na lakol, malamin makarantar boko, shi ne kaɗai ya tsaya. Shi halinsa ke nan, in ya ga babban adadi sai ya kwance shi ya ga abin da ke ciki. Wannan mara ne, biyu ba ta raba shi. Uku ta ƙi, biyar ta ƙi. Ya ɗauka irin adadin nan ne mai taurin kai, wanda babu mai raba shi sai ɗaya da shi kansa. Sai ya gwada bakwai, ta shiga tsaf: 3,551, babu saura.

Wannan kaɗai bai isa zargi ba. Ya duba ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Na farko 329. Na biyu 602. Garin Ado, inda ƙanwarsa Zinariya ke aure, 1,141. Ƙauye arba'in, kowanne bakwai ta shiga. Ga shi kuwa ya san gidan Zinariya kaɗai mutum goma sha tara ne.

Ya iske Sanda magatakarda yana cin goro a inuwar buro.

"Malam Sanda, tun yaushe matan ƙasar nan suka haɗa baki suna haihuwa bakwai-bakwai?"

Sanda ya yi dariya. "Malam Gado, ka taɓa tambayar uwa 'ya'yanta nawa? Sai ta ce maka sai godiya. Tsoron baki take. Maigida kuma gani yake haraji na zo ƙara masa. Na ƙirga ƙofofi, na ba kowace bakwai. Haka Nasara ya tarar, haka ya bari."

"Nasara ya tafi."

"To bakwai ba ta tafi ba. Ga goro."

Gado bai karɓa ba. Ya rubuta wasiƙa Maraɗi, shiru. Ya hau keke ya bi gidaje da littafinsa, ana ba shi fura ana hana shi amsa. Zinariya ma cewa ta yi, "Yaya, bakinka ya bar min yarana. Allah Ya san adadinsu."

Da masu rigakafi suka zo, sun bi takarda. A ƙauyukan farko mutane suka fito fiye da lissafi, aka yi musu da rabon na gaba. Garin Ado shi ne na ƙarshe. Akwatin maganin ya iso babu kome.

Kafin girbi, agana ta kwantar da Tala 'yar Zinariya. Ta tashi, amma idonta na hagu bai tashi da ita ba. Ranar da Gado ya je dubiya, Zinariya ta jawo littafin daga jakarsa da kanta, ta faɗi sunaye goma sha tara.

Gida ɗaya ke nan cikin 3,551. Gado yana tafe a kan kekensa. In ya yi sallama a ƙofarku, ku fito ku gaya masa ku nawa ne, har da jaririn da ke goye.