Kaɗanyar Mma Memunatu

Duk unguwar Aboabo ta garin Tamale babu mai gaya wa Humu yadda ake zane. Shekara ashirin da biyu tana yi wa amare lalle, daga cikin gari har ƙauyukan da mota ba ta shiga sai babur, kuma ba a taɓa jin amaryar da ta wanke hannu ta ɓata fuska ba. Shi ya sa ranar da ta sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar wata firamare a unguwar Kanvili, inda ake koyar da zane ran Asabar da hantsi, ta shiga ajin tana taku ɗaiɗai kamar wadda ta zo duba aikin yara.

Ba sha'awa ce ta kawo ta ba. Uwarta ce, Mma Memunatu, ciwo yake cinye wa ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Gefe da gefe duk ya rufe, saura ɗan tsakiya, shi ma hazo-hazo. Tun da abin ya tsananta tsohuwa ba ta da zance sai na kaɗanyar da ke tsohon gidansu a Gbalahi, wadda aka sare shekara tara da suka wuce da aka yanka wurin filaye. Ba wanda ya taɓa ɗaukarta hoto. Wa zai tsaya ɗaukar bishiya hoto?

"Da dai zan ƙara ganinta ko sau ɗaya," haka tsohuwa take faɗa, safe da yamma.

Humu ta ce a ranta in dai zane ne ai an zo gidansa. Ta sayi babbar takarda, ta yi kwana huɗu tana aiki, ta kai. Mma Memunatu ta kawo takardar dab da hancinta, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta ce, "Me kika rubuta a nan?"

Wannan tambayar ce ta kai Humu Kanvili.

Malamar ajin, Suhuyini, yarinya ce a idon Humu. Ba ta wuce shekara ashirin da takwas ba, siririya, kullum da baƙin gawayi a gefen mayafinta. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace, tana sirkawa da yarenta na Dagbanci in magana ta ƙwace mata. Ta ɗora tulu a kan tebur kusa da taga, ta dubi ɗalibanta goma sha uku, yawancinsu 'yan sakandare.

"Kar ku zana min tulu," ta ce. "Ku zana inda rana ya buga, da inda bai buga ba."

Humu ta taɓe baki. Kafin yaran su gama fiƙe fensir ta zagaye tulun da layi guda, sumul, hannu bai ko girgiza ba. Da ta ga farin takarda ya yi yawa sai hannunta ya shiga abin da ya saba: fure a cikin tulun, sarƙa a wuyansa, ɗigo-ɗigo a kowace kusurwa. Yara suka taso suna leƙe, ana ta "kai, kai!"

Suhuyini ta zo ta tsaya a kanta. "Mma Humu, hannunki ya fi nawa, wallahi. Amma ina rana?"

"Rana tana waje," in ji Humu.

Aji ya kwashe da dariya, har da malamar. "To farin nan da kika cike, me ya yi miki?"

"Ke 'yar nan, a sana'armu in ka bar fili a hannun amarya ai ka jawo wa kanka magana. Dangin ango za su ce ka yi ha'inci."

"Takarda ba shi da dangin ango," in ji Suhuyini, ta wuce tebur na gaba.

Haka aka yi Asabar uku. In an ce ta yi duhu sai Humu ta danne fensir da ƙarfinta har takarda ta yi sheƙi ta huje. In an ce ta bar fari, sai ka ga tana mutsu-mutsu a kan bencin yara kamar wadda cinnaka ya shiga wa zane. A gida kuwa abin gaba yake yi. Wata ran Alhamis Mma Memunatu ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin koko a gabanta, ta ɗauki iska, ta janye hannun kamar ba a gani ba. Humu ta gani, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ran Asabar da aka tashi daga aji Humu ta ƙi fita. Ta zaro zanen kaɗanyar daga jaka ta shimfiɗa a teburin malama da ƙarfi.

"Tica, ban zo nan don tulu ba. Ki gaya min abin da na rage a nan. Ki gaya min!"

Ta kwashe labarin duka ta faɗa. Suhuyini ta daɗe tana duban zanen. Tabɗi, aiki ne ba na wasa ba. Kowane ganye da jijiyarsa, ga kaji, ga turmi, ga igiyar shanya, ga rumbu, ga furanni zagaye da bakin takarda, duk da siririn layi iri ɗaya. Wata malamar da sai ta hau jawabi. Ita kuwa cewa ta yi, "Kina da man kaɗe a jaka?"

Wace mace ce a Tamale za a yi wa wannan tambaya ta ce a'a? Humu ta miƙa mata 'yar roba. Suhuyini ta je taga ta zare gilashi ɗaya daga cikin na jere, ta lakaci man ta shafe shi sama-sama, ta jingina zanen a allo.

"Ki dunƙule hannu, ki bar ɗan rami. Ki leƙa ta ramin, ta cikin gilas ɗin nan."

Humu ta leƙa. Babu bishiya. Babu kaji, babu turmi, babu komai, sai wani abu toka-toka kamar bangon da ba a yi wa fenti ba. Kwana huɗunta ke nan.

"Yanzu juyo nan."

Tulun yana nan daram a bakin taga. Ba a ganin bakinsa sosai, amma ga cikinsa ya turo, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya baƙi, ga inuwarsa kwance a tebur. Ko daga ƙofa aka hango shi an san tulu ne.

Humu ta daina leƙe. Ta sauke gilashin a hankali. "Haka Mma take ganin duniya?"

"Kusan haka. Layi ba ya isa wurinta. Duhu da haske ne kaɗai suke isa."

Humu ta zauna a bencin ta yi kuka, kuka na gaske, ba ta ko ɓoye fuska ba. Suhuyini ba ta rarrashe ta ba. Ta bar ta ta gama, sannan ta ɗauko sabuwar takarda da guntun gawayi ta ja benci kusa da ita.

"Cikin duk wannan, me Mma ta ce tana so ta gani?"

"Bishiyar."

"To kaji su tafi. Turmi ya tafi. Bishiya ta zauna a tsakiya inda idonta ya rage, ta yi girma har ta kusa taɓa sama. Abu ɗaya kawai za ki ƙara, wanda zai sa a san gida ne."

Humu ta yi tunani. "Ɗakinta. Zagayayye ne, mai jinka."

"Rabinsa ya isa, can gefe. In kin rufe ido kin tuno wurin, rana yana ina?"

Humu ta rufe ido, ta nuna hagu.

"Shi ke nan. Kar ki sake matsar da shi. Kuma ki daina faɗa da takarda. Ba dannewa ake yi ba. Ki shafa kaɗan, ki dawo ki ƙara, ki dawo ki ƙara, har ya yi baƙi. Inda haske zai zauna kuma kar ki taɓa shi tun farko."

Humu ta ɗago kai ta zuba mata ido. "A'a! Wannan ai lallen filasta ne!"

"Mene ne shi?"

"Na iyayenmu mana. A yanka filasta a manna a ƙafa duk inda ake so ya zauna fari, a shafa lalle, a wanke, a sake shafawa, sau uku ko huɗu, har ya yi baƙi ƙirin. In an ɓare filastar sai adon ya fito. Ni da shi na fara, kafin a zo da na matsawar nan."

Abin da Suhuyini ta yi a Asabar ta gaba shi ne ya sa har yau Humu ba ta yarda a faɗi sunanta ba tare da ta sa mata albarka ba. Ta tsayar da Humu a gaban allo ta koya wa aji dabarar filasta a kan takarda, ita kuma ta koma ta matse cikin 'yan sakandare a kan benci, da takardarta da fensirinta, tana ɗaga hannu tana tambaya. Abu ɗaya kawai ta gyara: a fara manna filastar a jikin tufa ta rage danƙo, don kada ta yage takarda. Ranar yaran da suka yi wata biyu suna fama da tulu suka fitar da shi zagayayye.

Kaɗanyar kuwa sai da ta ci takarda bakwai. Kowacce aka gama sai an leƙa ta gilashin man kaɗe. A ta uku bishiyar ta narke cikin jinkar ɗaki, Suhuyini ta ce a bar fari a tsakaninsu. Ta biyar ta kusa, sai ga ɗan fure ya ɓulla a kusurwar ƙasa.

"Mma Humu, hannunki yana ƙaiƙayi har yanzu."

"Guda ɗaya ne fa!"

"Guda ɗayan zai ja ido ya bar bishiya. Cire."

Humu ta yi tsaki, ta yi gunaguni da Dagbanci, ta cire. Ta bakwai da ta leƙa, sai ga ta nan tsaye: ƙaton gindi baƙi, kai dunƙulalle mai haske ta hagu, sama fara fat, inuwa ta miƙe doguwa a ƙasa. Ba ganye ko ɗaya da za a ƙirga. Suhuyini ta leƙa ita ma, ta ajiye gilashin.

"Ki kai mata yau. Ki zaunar da ita a waje, rana a bayanta, haske ya faɗi a kan takarda. Kar ki gaya mata ko mene ne."

Humu ta yi yadda aka ce. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kamo hannun tsohuwa ta zaunar da ita, ta durƙusa a gabanta ta ɗaga takardar da hannu biyu.

Mma Memunatu ta karkata kai tana neman inda ganinta ya rage. Ta matso, ta ja da baya. Can sai ta ɗaga yatsa ta ɗora a gindin bishiyar, ta bi shi sama, ta sauko, ta bi inuwar a hankali har inda ta ƙare.

"Inuwa ta taɓa bangon ɗakina," ta ce. "La'asar ta yi ke nan."

Humu ta gyaɗa kai.

"Yanzu ubanki zai shigo da fartanya a kafaɗa, yana cewa ina ruwa." Tsohuwa ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta. Shekararsa goma sha bakwai a ƙasa.

Hannun Humu ya gaji, takardar ta ɗan sauko.

"Kar ki sauke," in ji Mma Memunatu. "Riƙe min haka tukuna. Ban gama gani ba."