Gwiwar Zakariya

Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, fatar tana sheƙi. Zakariya, ɗan kokawar Matankari, yana kwance a gadon asibiti a Dogon Dutsi, zazzaɓi na kaɗa shi.

Likita Nusaiba ta shafa mai, ta ɗora kan na'urar eko, mai haska cikin jiki, a wurin. Wani baƙin tafki ya bayyana a allon, sama da ƙoƙon gwiwa. Ta duba ɗaya ƙafar, ba ta ga komai ba. Ta dawo ta danna a hankali, sai ɓurɓushi ya motsa cikin ruwan kamar tsaki a kunu. Jini kan fito haka a hoto, mugunya ma haka. Amma jijiyar da take iya gani ba ta tsinke ba, kuma faɗuwa kaɗai ba ta kawo irin wannan zazzaɓi.

"Yaushe ka faɗi?" ta tambaye shi.

"An kwana biyu, Likita. Har na fara takawa."

"Bayan nan me ya shiga gwiwar?"

Ya sunkuyar da kai. "Allura. Don kar kokawar bana ta wuce ni. Wani ma'aikacin lafiya ya zo har gida ya yi mani."

"Ya wanke wurin?"

"Ya goge da hankicinsa."

Ta ɗauko sirinji, tana bin bakin allurar a allo har ya shiga tafkin. Abin da ta zuƙo mai kauri ne, rawaya-rawaya. Da ta ɗiga shi a kwalbar gwaji, wani mugun wari ya tashi.

"Yau za a buɗe a wanke," ta ce. "In aka jira, zai cinye guringuntsi."

"Kokawa fa?"

"Mu fara ceton tafiya."

Ƙofa ta buɗe. Majo Mansur, shugaban ma'aikatan jinyar sashen, ya shigo da farar riga mai karin guga, yana ƙamshin turare. Fuskar Zakariya ta washe.

"Ga shi nan ma! Majo, Allah ya saka da alheri. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, ƙanena," in ji Mansur. Ya leƙa allon, ya taɓe baki. "Ɗan ruwa ne, Likita. Allura ɗaya za ta busar da shi."

Nusaiba ta matso kusa da shi. Ta ɗaga kwalbar ta kai ta daidai hancinsa, ta riƙe a nan, har shi da kansa ya kau da fuska.