Kyandir a Tiren Matattu

"To ki ƙarasa aikin mana! Ki kira masu haƙa kabari, tunda kin riga kin kunna min kyandir!"

"Rage murya, tsoho, taga a buɗe take."

"Me ya rage da ba su ji ba? Dubi teburin nan!"

Radojka ta dubi teburin. Lemo leda huɗu, garin kofi ƙunshi uku, ga kwalin biskit. Tun sassafe maƙwabta ke shigowa ɗai-ɗai, murya ƙasa-ƙasa, su dafa kafaɗar mijinta Vidoje su ce, "Yaya ƙarfin jiki, maƙwabci?" A garinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma yawan lemon da ke teburinka shi ke gaya maka kwana nawa mutane suka ba ka.

Duk wannan fitina fim ne ya jawo ta. Ranar Asabar da la'asar aka nuna tarihin marigayi Gvozden Brezar a zauren taro na gari, mawaƙin da babu tsohuwar da ba ta taka rawa da waƙarsa a bikinta ba. Kowa ya san mutumin ya mutu shekara talatin da suka wuce, amma sai ka ce ranar aka kawo labarin. A ƙarshen fim ɗin, likita ya ba shi takarda ya je a duba hantarsa, ya ninke ta ya cusa a aljihun kwat, ya ci gaba da bin gidajen biki yana waƙa, har ya faɗi a tashar mota da farin takalminsa. Sai bayan kwana arba'in matarsa ta ga takardar.

Zaure ya rikice da kuka. Obrad mahauci, wanda ke kayar da sa shi kaɗai, ya miƙe tsaye ya daka wa allo tsawa, "Je ka asibiti, sakarai!" sannan ya zauna yana sharar majina da hula. Aka kunna fitilu, babu wanda ya motsa. Da aka fito, maza suka yi ta cewa ƙurar labule ce ta shige musu ido.

Ita Radojka kukanta daban ne. Tana kallon idon mawaƙin yana komawa rawaya, sai ta juyo ta dubi na gefenta. Vidoje yana ta ɓare 'ya'yan kabewa, ko a jikinsa. Sai a lokacin ta tuna ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu tun bazara. Ta tuna waken da yake bari a faranti, shi da a da yake side tukunya. Suna isa gida, ya zagaya duba kaji, ta zura hannu a aljihun kwat ɗinsa. Takarda ce a ninke gida huɗu, ta wata uku da suka wuce, likitan gari ya rubuta a je babban asibiti a ɗauki hoton hanta.

Ta ɓoye takardar ba tare da ya sani ba. Washegari Lahadi ta tafi coci ta sayi kyandir biyu, ɗaya na mawaƙin, ɗaya na mijinta. Ko ɗan yaye ya san a tiren yashin da ake kafa kyandir, na sama na masu rai ne, na ƙasa na waɗanda suka riga mu. Amma idonta ya cika da hawaye, kanta yana can tashar mota wajen farin takalmi. Ta sumbaci na farko ta ce "Gvozden," ta kafa a ƙasa. Ta sumbaci na biyu ta ce "Vidoje," da ƙarfi kuwa, ta kafa shi kusa da ɗan'uwansa.

Wa ke tsaye a bayanta in ba Milunka ba, wadda kunnenta ke jin tafiyar tururuwa. Kafin Radojka ta farga ta zare kyandir ɗin, har ya ɗiga sau uku, Milunka kuwa ta kai ƙofar coci.

Yau ga shi Talata. Jiya Radojka ta buga wa asibitin waya a ɓoye, ta yi ta roƙo har aka ce ya zo yau da azahar, wani ya fasa. Motar birni ƙarfe goma sha ɗaya take tashi. Agogon bango ya nuna goma da minti ashirin.

"Kuskure ne," ta ce. "Na cire shi, na mayar sama."

"Bayan ya ci wuta a ƙasa! Obrad ya tare ni a hanya ya rungume ni yana kuka, duk ya shafa min ƙarnin nama. Wai in yafe masa wuƙar da ya ara. Shekara arba'in da ɗaya da aure, ki binne ni saboda fim!"

"Ba saboda fim ba." Ta zaro takardar daga aljihun rigar girkinta ta shimfiɗa a kan lemon. "Saboda wannan."

Vidoje ya dubi takardar. Kunnuwansa suka yi ja.

"Har aljihuna kike shiga yanzu?"

"Gara in shiga yau da in shiga bayan kwana arba'in."

"Ke matar nan, ni ba mawaƙi ba ne. Wancan kwalbar giya yake shanyewa kafin ya karya. Ni cikin ɗan ƙaramin kofi ɗaya nake shanta da safe, shi ma don jini ya zagaya."

"Uku. Ina ƙirga wanda kake sha a ɗakin kaji."

"Ashe da ɗan sanda nake kwana."

"Zo nan wajen haske in ga idonka."

"Ba zan zo ba."

"Vidoje, zo."

Bai zo ba. Ya juya mata baya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta ga yadda wandon ya yi masa yawa ta baya, ta ga hannunsa na dama ya kai ƙasan haƙarƙari ya dafe, sannan ya sauke da sauri. Goma da rabi.

"Ubana," ya ce wa labulen, "da ƙafarsa ya shiga asibitin nan. Ba ta ƙofar gaba ya fito ba."

"Ubanka shekara biyu yana shan dafaffen ganye kafin ya je. Kai wata uku ne. Sun ce ka zo yau da azahar, ka je ba ka ci komai ba. Shi ya sa na ce burodi ya ƙare."

"Har yunwa kika shirya min?"

Kafin ta amsa, aka ƙwanƙwasa gilashin taga. Milunka ce, sanye da baƙin ɗankwali, ta ɗago ledar lemo, fuskar nan a marairaice.

"Maƙwabciya, yana iya magana kuwa? In shigo in gan shi ko sau ɗaya ne?"

Vidoje ya dubi baƙin ɗankwalin. Ya dubi matarsa, wadda ta damƙe bakin tebur har yatsunta suka yi fari. Sai ya fizgi kwat ɗinsa daga ƙusa, ya wawuri takardar, lemo biyu suka gangara ƙasa.

"Zan je," ya ce. "Ba don ke ba, ba don wancan mai farin takalmin ba. Zan sa likita ya rubuta lafiyata ƙalau, ya buga hatimi, in zo in manna wa wannan ungulun a goshi."

"Tsaya in ɗauko jakata."

"Ki zauna ki karɓi gaisuwa!"

Ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da agogon bango ya karkace.