Takardun Mushe Alkasim

"Ɗauko mini shi, Baba Idirisa, ya shige ƙarƙashin gado."

Na durƙusa, ni da shekara tamanin da uku, na laluba na zaro masa jan bik ɗinsa, alƙalamin da yake rubutu da shi. Karo na uku ke nan yana suɓuce masa tun hantsi. Wannan karon kafin ya faɗi sai da ya ja wani dogon layi ja tun daga tsakiyar takardar har gindinta. Na miƙe ban dafa komai ba, don ya gani.

"Mushe, dubi gwiwar da ba ta taɓa zama bencin lakwal ba. Na ba ka shekara goma sha bakwai, amma ni ke yi maka durƙuso."

"Kai ai mutuwa ta manta da ƙofar gidanka."

"Ba mantuwa ta yi ba, tsorona take ji."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Safiyatu matarsa ta leƙo da kofin ruwa, ya ɗaga mata hannu ta koma. Ya gyara katakon da ke bisa cinyarsa, ya jawo takardar har ta kusa taɓa hancinsa.

Mushe Alkasim, Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko, maƙwabcina ne a Sabon Gari, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗaya. Faransanci ya koyar a lise, wato babbar sakandare, har gwamnati ta ce ya huta, shi kuwa ya ƙi hutawa. Ya kafa baƙin allo a zaurensa, duk la'asar 'yan ajin ƙarshe su cika wurin, kyauta. Abin da yake koya musu shi ne disartasiyo, wato a ba yaro magana guda a ce ya yi gardama da kansa a kanta har shafi huɗu. Ta bisa katanga nake jiyo shi: "Ina mafarin maganarka? Ina ka rufe ta? Layi takwas ba ɗigo ko ɗaya, numfashi ba ka yi?"

Ni ban san wannan wahala ba. Ranar da aka zo kamun yara don lakwal, makarantar boko, a Tsibiri, uwata a rumbu ta ɓoye ni, kwana biyu ina bisa damman gero. Waɗanda aka kama ranar duk na raka su maƙabarta. Na ga yunwar saba'in da huɗu, na ci dusa na rayu. Babbar mota ta kife da ni a hanyar Ɗan Isa, mutum tara suka mutu, ni na fito ina neman hulata. Ban taɓa rubutu da bik ba, kuma ban taɓa kwana asibiti ba. Ina faɗa wa Mushe haka kullum, shi kuma ya ce, "To, Allah ya ƙara."

A makon nan da nake ba ku labari, saura kwana goma sha uku a yi bak, jarrabawar fita daga lise. An sallamo Mushe daga asibiti, irin sallamar da ba a ba ka ranar dawowa. Kafin ya kwanta ya sa yaransa ashirin da uku sun yi masa disartasiyo na gwaji, kuma ya rantse sai ya duba su duka ya mayar musu kafin bak. Abinci ba ya shiga, amma bik yana hannu.

Muna nan sai ga sallamar Tahira. Yarinya ce daga Jiratawa, ubanta mai garkar zogale ne, kullum a kabu-kabu take zuwa. Sau biyu tana faɗuwa bak, duk a kan wannan dogon rubutu, uban ya ce bana ce ta ƙarshe, in ba ta ci ba ta dawo garka. Ta durƙusa bakin ƙofa.

"Mushe, ya jiki?"

"Jiki ya tahi, Tahira, kai ne ya rage. Ga taki nan a hannuna, tun jiya nake kanta."

"Ta yi muni ne, Mushe?"

"Ta kusa. Abu uku ke kashe ki, kuma duk na gano su. In kin karanta abin da na sa miki, kin wuce bana."

Ta miƙa hannu. Ya janye takardar.

"Ban gama ba. Lahadi ku zo duka."

Ranar Alhamis bayan azahar ya aika a kira ni. Na tarar ya ɗaure takardun da ƙyallen atamfa.

"Baba Idirisa, Safiyatu za ta shiga takaba, ɗiyana suna Yamai. Kai ne kusa. In Lahadi ta zo ba ni nan, ka ba su takardunsu. Hannu da hannu."

"Mushe, ka san ba ni karatu."

"Su sun san sunayensu."

"To mi ya rage? Ni da na kora shanu arba'in a ƙafa har Legas ban ɓatar da ko maraƙi ba, takarda ce za ta gagare ni?"

Ya dube ni ya daɗe, sa'annan ya sakar mini ƙullin.

Da safiyar Juma'a ya cika. Ni na riƙe masa kai. Kafin a tafi masallaci mun rufe shi, liman ya tsaya bakin kabari ya roƙi duk wanda mamaci ya ɓata wa rai ya yafe masa, don yanzu ba abin da yake bukata sai addu'a.

Da la'asar muna zaman gaisuwa a ƙofar gida sai ga Alhaji Abdurrazak da doguwar motarsa, wanda tirelolinsa ke dakon kaya zuwa iyaka. Ashe ya taɓa zama ajin Mushe. Aka yi fatiha, ya gyara babbar riga.

"Allah ya jiƙan Mushe," in ji shi, "amma jan bik ɗin nan nasa! Ya taɓa maido mini takarda ja-wur, kamar an yanka kaza a kanta, ya ɗaga ta gaban aji. Ranar na bar lakwal. Wallahi har yau in na tuna sai na ji abin a wuyana."

Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke gefe ya ce, "Ni sai da na yi kuka a bayan aji."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Mutum ko wuni bai cika a ƙasa ba, ga abin da ake tuna shi da shi.

Washegari da safe na kwance ƙullin a tsakar gidana. Ba ni karatu, amma ina da ido. Goma sha bakwai sun sha ja, gefe da gefe, sama da ƙasa, wasu har bayansu. Shida fes, ba ɗigon ja ko ɗaya. Na ce a raina: waɗannan shida su ne suka iya, sauran zagi ne. In na miƙa wa yara goma sha bakwai zagin mamaci ana saura kwanaki su shiga jarrabawa, wa zai yi masa addu'a a cikinsu? Nan da shekara talatin su ma su zauna a ƙofar wani suna cewa abin yana wuyansu. Ciwo ne ya sa shi zafin hannu, ni kuwa maƙwabci ne, rufa masa asiri aikina ne.

Ban ƙone su ba. Wanda ya ga saba'in da huɗu ba ya ƙone abin da ke da amfani. Na kai wa Mariyam mai ƙosai ta bakin titi.

"Baba, duk nawa ne?"

"Ƙunsa ki more. Rubutun nasara ne, ba sunan Allah a ciki."

Lahadi da la'asar suka cika zauren, tsit, baƙin allo na nan da rubutunsa na ƙarshe ba a goge ba. Na shiga da rigata ta Juma'a, na miƙa takardu shida. Masu su suka karɓa, suna juya su gaba da baya.

Wani dogon yaro ya ce, "Baba, waɗannan ai bai kai kansu ba. Bai duba su ba ma."

Tahira ta taso. "Baba, ina sauran? Ina tawa?"

"Sauran sun ɓaci, ɗiyata. Duk ya jajjage su da ja. Na kawar muku da su don kada ranku ya ɓaci da shi."

"Ka kawar da su ina?"

Na faɗa mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani, "Baba, jan shi ne gyaran. Nan yake gaya maka inda ka kauce da yadda za ka dawo. Wadda ba ja, ba komai a cikinta." Sai ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, sauran suka bi ta.

Mariyam ta yi safiya biyu tana ciniki. Kowace takarda ta raba ta huɗu. Aikin da Mushe ya yi da sauran numfashinsa ya watsu cikin Sabon Gari, a kwata, a bakin awaki, a aljihun 'yan kabu-kabu. Suka bi lungu suna tsintar gutsattsari har magariba, ba wanda ya haɗa ko shafi ɗaya. Da Tahira ta dawo ɗaukar takalminta, ta tsaya gabana ta ce, "Kwana biyu ya yi a kan tawa."

Safiyatu tana ji daga cikin ɗaki. Har ta fita takaba, in na yi sallama ta bisa katanga, amsawa kawai take yi.

Ni dai na sha faɗa a majalisa, kuma zan sake faɗa: shekara talatin da ɗaya muna katanga ɗaya, mutumin nan bai taɓa zaunar da ni ya ce ga abin da ja ke nufi ba. Kullum "Allah ya ƙara." In an ce ni ma ban taɓa tambaya ba, to mi zan tambaya, ni da na girme shi?

Sakamako ya fito, tara suka ci a cikin ashirin da uku. Ba Tahira. Wataƙila da ma ba za ta ci ba, haka nake ce wa mutane. Yanzu takan kawo zogale kasuwa daga Jiratawa. In ta gan ni sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba," cikakkiyar gaisuwa, ba ta rage komai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na canza hanyar zuwa kasuwa.

Akwai abin da ban faɗa a majalisa ba. Ranar Litinin, washegarin wancan taro, na sayi ƙosai wurin Mariyam, ta ƙunsa mini a wata takarda da ta maƙale a gindin kwandonta. Rabin shafi ce, ba ta kai ga ƙara yaga ta ba. Na buɗe, na ga dogon layin nan ja da ya gangara har ƙasa. Na san shi. Ina gaban gadon aka ja shi, a takardar Tahira. Saura kwana bakwai bak a lokacin, Jiratawa kuwa ba nisa. Na sa hula na je har bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Ɗaya ya ce, "Tsoho, ina zuwa?" Na tuna sai na tsaya gaban ubanta, a garkarsa, na faɗi abin da na yi da bakina. Na ce masa iska nake sha.

Tana nan ƙarƙashin matashina. Mai ya ratsa ta har ana ganin haske ta ciki. Wani lokaci da hantsi, in gida ba kowa, nakan shimfiɗa ta bisa gwiwata na bi ƙananan rubutun jan nan da yatsa, layi bayan layi a gefen shafin, har inda bik ya suɓuce.