Lambobin da Kwamfuta Ta Zubar

Dakta tana tsaka da shan shayin la'asar, Dogo abokin aikinta ya dire mata kwalbar ruwan teku a kan tebur. Ruwan ja ne kamar an wanke nama a ciki.

"Yanzu na ɗebo shi a bakin gaɓa," in ji shi.

Ta ɗiga kaɗan a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta leƙa. Ƙananan halittun nan ne masu yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani, kuma irin masu dafin, sun cika maƙil. Ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙanana, mutum ya ci manyan.

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Lissafinmu bai nuna haka ba."

Aikinta ke nan. Na'urorin da ke cikin teku su aiko da zafin ruwa, da gishirinsa, da yawan halittun, ita kuma ta zuba a lissafi, kwamfuta ta faɗi abin da ke tafe. Shekaranjiya da hannunta ta fitar da sanarwa cewa ruwa lafiya lau, masunta su fita.

Nan take ta buɗe ainihin lambobin da na'urorin suka aiko. Ga su nan, tun makon jiya suke hawa. Ashe bara, da wata na'ura ta lalace tana aiko da shirme, sun umarci kwamfuta cewa duk lambar da ta wuce kima kuskure ce, ta zubar. Ita kuwa baiwar Allah ba ta musu, tana ta zubarwa.

Dogo ya dafe kai yana salati. "Bari in kira ma'aikatar lafiya."

Dakta ba ta ji shi ba. Yayanta masunci ne. Ta lalubo waya ta kira gida.

"Umma, in Yaya ya kawo kifi, kada kowa ya taɓa."

"Ke kuma da wani zance. Ai tun azahar muka tashi da shi, har 'yan biyunki sai da suka nemi ƙari."

"Umma, bai ga ruwan ba ne?"

"Ya gani mana, har ya so ya juyo da kwalekwalen. Sai ya ce wa mutanensa su jefa raga kawai, ƙanwarsa ta ce lafiya lau, kuma ita ce ta yi karatun."